Na fesa wa lambun Inna maganin ciyawa, yau wata biyu gaisuwa ce kawai ke haɗa mu

Assalamu alaikum. Ni matashi ne ɗan shekara 27 daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, na yi difloma a fannin aikin gona. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba a maza. A bayan ɗakin Innarmu akwai fili kamar taku 20 kowane gefe, tun kafin a haife ni take shuka kayan miya a ciki: zogale, rama, yakuwa, kuɓewa, kabewa a jikin danga, lalle a kusurwa, komai a cakuɗe, ba layi ba tsari. Ni kuma so nake in share wurin in jera buhu 200 na tumatir mai aure, wato wanda aka haɗa iri biyu aka samar da shi, da ban ruwa na ɗigo, irin wanda nake gani a YouTube. Na yi mata magana, ta ce in bari tukuna. Farkon daminar nan ta tafi suna wani gari, na ga ciyawa ta cika wurin, na fesa magani. Ashe karkashi ne da gasaya da lalo, kuma maganin ya haɗa da kuɓewarta, wadda ta ce da irinta ta zo daga gidan iyayenta, ga shi bana duk ta shuke shi. Ba ta yi mini faɗa ba. In na gaishe ta sai ta amsa, ta ce Allah ya yi albarka, shi ke nan. Baffana ya ce boko ne ya lalata ni. Ni kuwa taimakon gidan nake nema, don zogalen ma rabinsa maƙwabta ke tsinkewa kyauta. Ta yaya zan fahimtar da ita cewa zamani ya canza?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta.

Tambayar da ka rufe wasiƙarka da ita ba ita ce a gabanka yanzu ba. Kafin a kai ga fahimtar da Inna wani abu, akwai ɓarna a ƙasa da ba a gyara ba. Ta ce ka bari tukuna, ka jira ta bar gari, ka goya injin feshi ka shiga. Kuma ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: ban gamsu ba cewa yaron da ya tashi da miyar karkashi a ƙasar Ringim, ya kuma yi difloma a kan noma, zai kasa bambance karkashi da ciyawa. Na fi zaton ranka ya riga ya yanke cewa wurin nan sai an share shi, idonka kuma ya bi ranka. Ba ni za ka amsa wa ba. Ka amsa wa kanka kafin ka je gabanta, don tsohuwa tun daga sallama take gane ban haƙurin da aka haɗa da kare kai.

Shirun da ta yi kuma kada ka ɗauka rashin gane zamani ne. Uwar da ranta ya ɓaci, ta ce Allah ya yi albarka ta ja bakinta, harshenta take tsarewa kada ta furta abin da zai bi ka. Wannan kaɗai ya isa ya hana ka barci.

Sannan wurin ma na wa ne? A ƙasar Hausa gandu na maigida ne da 'ya'yansa, gayauna kuma ta mai ita ce, mace ko saurayi, kuma abin da ya fito a cikinta ba mai tambayar ta yadda ta yi da shi. Filin bayan ɗakin Inna gayaunarta ce, ko da ba a taɓa kiran sa haka ba. Zamanka babban ɗa namiji bai mayar da shi naka ba. In ma ba a raba gado ba, tana da tumuninta a gidan, ƙannenka maza da mata suna da nasu kason.

Ka ce ba layi ba tsari. Tsari kam akwai, kai ne ba ka karanta shi ba, don ba irin na takardar makaranta ba ne. Karkashi da gasaya da lalo ba a sayen irinsu, da kansu suke fitowa da ruwan farko, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗin hannu ya tafi taki da ƙwadago, tumatir kuma ya yi tsadar da ba a kallon sa. Su ke riƙe tukunya kafin rama da yakuwa su kawo ƙarfi. Kuɓewa a ci ta ɗanya da damina, sauran a yanyanka a shanya, ita ce miyar rani. Yakuwa ɗaya tana ba da ganye, ta ba da zoɓo, 'ya'yanta a yi daddawar batso. Kabewa ta hau danga ba ta ci filin kowa ba, in an cire ta kuma ta yi watanni a ƙuryar ɗaki ba ta lalace ba. Zogale in yana samun ɗan ruwan wanke-wanke a gindinsa kusan duk shekara yana da ganye. Lallen da ke kusurwa, in ta busar ta daka, kuɗin gudummawar biki ne da zubin adashi wanda ba sai ta miƙa hannu ga ɗanta ba. Ga macen da mijinta ya rasu wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ne ba za ta taɓa faɗa maka da bakinta ba. Cakuɗar da ke ba ka haushi ita ce ke sa in tsutsa ta ci wannan, wancan ya tsira, ba a taɓa wayar gari babu abin miya.

Tunda kai mai lissafi ne, ka ɗauki biro. Wata ɗaya ka riƙa rubuta duk abin da ya shiga tukunyar gidanku daga wannan filin, ka sa masa kuɗin da ake sayar da shi a kasuwar Gujungu ranar Lahadi. Bana da ka ƙone rabin wurin lissafin zai zo maka da sauƙi, tunda cefanen daga aljihunka yake fita. Zancen maƙwabta kuma, ya zo a hadisi ingantacce cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Ko a nan duniya ma, matar da ta tsinki zogale jiya ita ce za ta aiko da ƙwaryar nono gobe, ita ce za ta kwana a kan Inna ranar da ba ta da lafiya kai kana birni.

Yanzu mu zo kan buhunanka. Noman buhu dabara ce mai kyau, amma dabarar wanda ba shi da ƙasa ce: mutumin birni da aka shafe tsakar gidansa da siminti, ko wanda ƙasarsa tsakuwa ce ko ta kamu da cuta. Kai kuwa a bayan ɗakin Inna akwai ƙasar da ta shekara sama da ashirin da bakwai tana cin toka da shara da kashin awaki. Zai yi wuya a sami wadda ta fi ta a ƙauyenku. Wannan ƙasar za ka rufe da leda, ka je ka sayo wata ka ɗura a buhu?

Sai ruwa. Tushen tumatir da ya girma yana shan lita ɗaya zuwa biyu a yini, in zafi ya tsananta ya wuce haka, kuma buhu ya fi ƙasa saurin bushewa don rana tana dukan sa ta ko'ina. Buhu 200 ke nan lita 200 zuwa 400 kullum, wato jarka mai lita 25 guda 8 zuwa 16, ba hutun Juma'a, ba na ranar kasuwa. Ban ruwa na ɗigo yana rage asara, amma ba ya kawo ruwan. Wa zai jawo shi, daga wace rijiya, kuma matan unguwa za su bar ka ka ƙafar musu da ita a watan Maris? In ruwan yana da laka, ƙananan hudojin tiyon toshewa suke yi sai da matata, ɓeraye kuma in ƙishi ya kama su huda shi suke yi. Buhun kansa rana tana cinye shi, da ƙyar ya ga shekara ta biyu. Masu bidiyon ba sa nuna wannan ɓangaren, kuma ka riƙa duba inda aka ɗauki hoton: wanda ya yi noma a Jos ko a tsaunukan Kenya bai san bazarar Jigawa da zafi ke haura digiri 40 ba. A irin wannan zafin tumatir zubar da fure yake yi, ka ga ganye shar amma ba 'ya'ya.

Ga kuma kasuwa. Lokacin da tumatir ke yin kyau a wajenmu hunturu ne, a yi reno ƙarshen damina, a yi dashe bayan mako uku zuwa huɗu. To a daidai wannan lokacin ne na Kadawa da Kura da Garun Malam, masu shan ruwan madatsar Tiga tun shekarun 1970, da na kwarin Haɗeja, ke cika kasuwa, har kwando ya rasa mai taya. Buhunka 200 ba za su yi gogayya da su ba. Lokacin da yake da kuɗi kuma, daga bazara zuwa tsakiyar damina, shi ne lokacin da ya fi wuyar nomawa, ga zafi ga cututtukan laima. Ba na cewa ba ya yiwuwa. Masu yi suna yi, amma da irin da ke jure zafi, da inuwar raga, da hannun da ya saba. Ka tambayi duk wanda ya yi lambu a 2016 abin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta yi a Kano da Jigawa da Kaduna da Katsina. Asalinta daga Kudancin Amurka take, tana shiga tsakanin fatar ganye ta ci daga ciki inda feshi ba ya kai mata sosai, kuma har yau ba ta bar mu ba. Wanda ya zuba jarinsa duka a abu ɗaya, mako biyu sun ishe ta ta gama da shi.

Iri mai aure, wanda za ka ga an rubuta F1 a jikin ledarsa, yana da yabanya, ba a musu. Sai dai in ka cire iri daga 'ya'yansa ka shuka baɗi, ba zai fito kamar uwarsa ba, zai rarrabu, wani dogo wani gajere, wani ba abin kirki. Kowace shekara sai ka koma shago. Akwai ingantattun irin da ba masu aure ba, irin su Roma VF da UC82B, waɗanda za ka iya ajiye irinsu, kuma don koyon hannu su suka fi dacewa da aljihunka. Kuɓewar Inna kuwa shekara da shekaru ana zaɓen ta a irin wannan ƙasa da irin wannan ruwan sama, tun daga hannun kakarka. Babu shagon da ke sayar da ita.

Duk da haka ban bi Baffanka ba. Boko bai lalata ka ba, gaggawa ce ta kwashe ka. Kuma ba gaskiya ba ne cewa dattawanmu ba sa karɓar sabon abu. Tumatir da barkono da masara duk daga nahiyar Amurka suka zo, zogale da darbejiya daga wajen Indiya. Mutanen da suka tashi da jigo su ne daga shekarun 1980 suka ajiye shi suka kama injin ban ruwa, ba wanda ya yi musu wa'azi, gani suka yi a fadamar maƙwabci. Abin da ba sa karɓa shi ne a rushe wanda ke ciyar da su saboda wanda ba a gani ba tukuna. A jiharku ma akwai misali: Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya ɗauki tukunyar ƙasa ya sa a cikin wata, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Gauta da tumatir da ke lalacewa cikin kwana biyu uku suka koma yin makonni ba wutar lantarki. Ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000 a kan wannan. Iliminsa na makaranta ne, amma wurin maginan tukwane ya kai shi, kuma matan ƙauye suka karɓa don ba a ce su jefar da komai ba.

Akwai wuraren da karatunka zai yi wa lambun Inna amfani na gaske, in ta sake buɗe maka ƙofa. In kuɓewa tana yaushi da rana alhali ƙasa da danshi, ka tuge ɗaya ka duba saiwar. In ka ga ta yi ƙululu-ƙululu, wata 'yar mitsitsiyar tsutsar ƙasa ce da ke son jigawa, kuma maimaita kuɓewa ko tumatir a wuri ɗaya shi ke ƙara ta. Maganinta a matsar da kuɓewar gefe, a sa gero ko masara a wurin shekara ɗaya ko biyu. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, a tara shi da shara a yayyafa ruwa a riƙa juyawa har ya huce ya yi baƙi. Ruwan makwarara kada ya taɓa ganyen da za a ci. In an sa takin zamani na yuriya kada a haɗa ta da toka, ƙarfinta tashi yake ya bi iska. Abin da ya fi duka, in ka ga wani a gidan yana yayyafa fiya-fiya a kan kayan miya ko a cikin irin da aka adana kusa da abinci, a nan ne za ka tsaya kai da fata. Ga darɓa da ƙananan tsutsotsi, ƙwallon darbejiya ya isa: a ɓare a daka kamar rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace da tsumma, a fesa da yamma. Wannan ko Inna ba za ta ƙi shi ba, tunda bishiyar a ƙofar gida take.

Amma duk wannan sai an shirya. Ka same ta ita kaɗai bayan sallar isha, ka durƙusa, ka ce Inna na yi laifi, kin hana ni na ƙi ji, ki yafe mini. Ka tsaya nan. Kada ka ce ai taimako nake nufi, kada ka ambaci buhu ko YouTube, kada ka ce ai ciyawa na zata. In ka san bakinka ba zai tsaya ba, ka tafi da yayarta ko ƙanwarta, ba Baffa ba, don shi ya riga ya ɗauki ɓangare, zai mayar da zaman shari'ar boko.

Daga nan sai neman irin, kuma yanzu ne lokacinsa tunda muna cikin marka, kuɓewa tana kan 'ya'ya. Macen da ta riƙe iri tsawon waɗannan shekaru ba ta rasa waɗanda ta ɗiba wa: 'yan'uwanta, 'ya'yanta da suka yi aure, ƙawayenta, da garin da aka auro ta. Ka hau babur ka bi su gida-gida. Inda ka samu, ka roƙi a bar maka 'ya'ya biyar ko goma na tushen da ya fi lafiya su bushe a jikin uwar. Ka kawo mata su da ɓawonsu, ita za ta gane ko tata ce, ita kuma ta san inda take rataye su a madafi hayaƙi ya kore musu ƙwari. In ka kawo wata kuɓewar kanti daga baya, kada ka shuka ta kusa da tata, ƙudan zuma na iya gauraya su.

Game da filin, ka nemo robar maganin ka karanta. In mai glyphosate ne, ta ganye yake shiga ya kashe har saiwa, amma ba ya hana sabuwar shuka fitowa, kuma 'ya'yan karkashi da gasaya da lalo da ke kwance a ƙasa za su sake tsirowa, wataƙila ma sun fara. Zogalen da ya mutu, ka saro reshe mai kauri kamar tsawon mita ɗaya ka kafa tun da sauran danshi, zai kama. Ka gyara dangar, ka kawo taki da kaka, ka yi duk wannan ba tare da ka nemi komai ba.

Sai ka ga ta koma kiran ka da sunan da ta saba, tana aiken ka, sannan ka roƙi kusurwa ɗaya, ko ma wajen danga. Buhu 10, ba 200 ba, da bokiti ɗaya mai lita 20 a rataye kamar mita ɗaya daga ƙasa da 'yar tiyonsa. Biyar tumatir, biyar attarugu. Ka rubuta kowace naira da kowace jarka. Ka nemi malamin gona na JARDA, hukumar bunƙasa noma ta Jigawa, da ke kula da yankinku ya duba maka, in kuma hanya ta kai ka Bagauda akwai reshen cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT a can. Na farko da ya nuna, ka kai wa Inna a kwano.

Ni da za ka bi tawa ma, da reno ka fara. Fangali ɗaya mai tudu, ƙasa mai laushi, raga a sama ta tsare farin ƙuda da kaji da ƙadangaru, cikin wata guda kana da dashen tumatir, na tattasai kuma ya biyo baya, da za ka sayar wa masu lambun fadama. Fili kaɗan yake ci, ruwa kaɗan, kuɗinsa yana dawowa da wuri, kuma a nan ne diflomarka za ta bambanta ka da wanda ke watsa iri a ƙasa ya jira abin da ya fito.

In kuma bayan duk wannan ta ce a'a, to a'a ɗin ke nan, ka bar mata wurinta har iya rayuwarta. Ka je wurin Baffan nan da ya ce boko ya lalata ka, ka roƙe shi aron 'yar ƙasa kusa da ruwa na rani ɗaya, ko ya raka ka wurin mai unguwa a nema maka haya. Ka yi maganar tun kafin a cire amfanin gona, don da an shiga Oktoba wuraren da ke kusa da ruwa sun riga sun sami masu su.